Sandar fatsa ta ruwan gishiri: me ɗan Kabi zai saya in aiki ya kai shi Legas?

Tambaya: Kawu, barka da hutawa. Ni ɗan Argungu ne, tun ina firamare nake fatsa a gulbi da sandar gora da zaren lilo. Yanzu na samu aiki a Apapa, bayan Sallah zan tafi. Waɗanda suka riga ni zuwa sun ce ranar Asabar sukan je gaɓar teku ta Tarkwa Bay ko bakin lagun, wato tafkin Legas da ke haɗe da teku, su yi fatsa da sanda mai inji. Hannuna bai da nauyi, ko albashin farko bai shigo ba. Wace sanda zan saya mai sauƙin kuɗi da za ta jure ruwan gishiri, kuma in na zo gida hutu in jefa ta a namu ruwan?

Amsa: Ɗana, Allah ya sanya alheri a wannan aiki, ya sa ka shiga a sa'a. Hanyar da na bi ke nan. Daga bakin Neja a Yauri na tafi Ikko ina saurayi, na yi shekaru ina gyaran injinan jiragen ruwa, kuma duk Asabar ɗin da babu aiki a kan duwatsun bakin teku take ƙare mini, ko cikin kwale-kwalen wani abokina Bayarabe. A duk zaman nan kifi bai taɓa karya mini sanda ba. Gishiri kuwa ya cinye mini uku, ƙofar mota ta ci ɗaya.

Ka fara riƙe wannan kafin mu je ga tsawo da suna. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kamar giram 35, kuma ba sai kayanka sun faɗa ruwa ba, iskar wurin kanta gishiri take ɗauke da shi. Jikin sanda ba ya tsatsa, domin zaren gilashi ne ko kabon da aka daskarar da gam. Abin da ke mutuwa shi ne ƙarfen da ke jikinta: zobban da zare ke bi ta ciki, da mazaunin da ake ɗaure inji, sai kuma injin naɗe zaren kansa. Akwai wani abu da muka sani a aikin jirgi: in ƙarfe iri biyu suka haɗu, aka samu ruwan gishiri a tsakani, sun zama batir, ɗaya zai riƙa cin ɗaya. Shi ya sa ake ɗaure tubalan zinki a ƙasan jirgi, don gishiri ya ci su ya bar jirgin. A injin fatsa babu zinki. Kusar ƙarfe ce a cikin alminiyam, sai wata rana ka ga farin gari ya fito kewaye da ita kamar kanwa, ka ɗauko sukundireba ta ƙi motsi.

Sandata ta farko a wani shago na saye ta cikin kasuwar tsibirin Legas. Ja ce mai ƙyalli, da inji a haɗe, mai shagon ya lanƙwasa ta har kai ya kusa taɓa gindi yana cewa ko kada za ta ja. Gaskiyarsa, jikin yana da ƙarfi. Amma zobban ƙarfen banza ne aka shafa musu farin ƙyalli, kafin wata biyu ƙyallin ya fara ɓarewa, tsatsa ta fito, bakin zoben ƙarshe ya yi kaifi kamar reza ban lura ba. Ranar da na samu kifin kirki na farko, ina jin nauyinsa har kafaɗa, zaren ya tsinke a kan sandar, ba a wajen ƙugiya ba. Na zauna kan dutse ina duba bakin zaren, duk ya yi gashi-gashi. Tun ranar, in mai shago ya fara lanƙwasa mini sanda, ni zobba nake kallo.

Zobe mai kyau iri biyu ne a cikin masu sauƙin kuɗi. Akwai wanda aka yi shi gaba ɗaya da ƙarfen da ba ya tsatsa, babu komai a cikinsa. Wannan ba shi da abin da zai faɗi, yana jure wurgi da bugun dutse. Akwai kuma mai tangaran a tsakiya, wato wani ɗan zobe baƙi ko toka-toka mai santsi da aka dasa cikin firam. Mai tangaran ya fi santsi, zare ya fi daɗewa a kansa, amma in ya bugi dutse yakan tsage, kuma tsagar ba ta ganuwa. Ga yadda ake kama ta: ka tafi kasuwa da ɗan guntun auduga a aljihu, ka zura ta cikin kowane zobe kana juyawa. Inda ta maƙale ko ta bar zare-zare, akwai tsaga. In ka ga an buga sunan Fuji a ƙafar zoben ko a mazaunin injin, kamfanin Japan ne da ya yi suna a wannan sana'a, alama ce mai kyau. Ka duba kuma inda aka naɗe ƙafar zobe da zare aka shafe da gam, kada a ga rami ko tsaga, don nan ruwan gishiri ke shiga ya kwanta ya yi ɓarnarsa a ɓoye. Mazaunin inji kuwa, ka fi son na baƙar roba mai tauri a kan na ƙarfe mai ƙyalli. Roba ba ta san gishiri ba.

Sai jikin sandar. Ta faiba, irin abin da ake yin jiragen ruwa masu gudu da shi, tana da ɗan nauyi, tana da laushi, amma jaka ce: ka taka ta, ka buga ta da dutse, tana nan. Ta kabon, wadda wasu ke kira girafait, ba ta da nauyi, kuma ko ƙaramin kifi ya sunsuni ƙugiya za ka ji a yatsa. Sai dai 'yar gata ce. Ɗan bugu kaɗan da ba ka kula ba ya bar mata rauni, sai ranar da kifi ya ja ta ta ɓalle daidai wurin. Kuma in ka ɗaga ta tsaye cak kifi yana ƙarƙashin ƙafarka, nauyin duka ya koma kan tsininta, nan take za ka ji ƙas. Wanda ya saba da gora, da ya ji an ja sai ya fizge ya wurgo kifi bayan kansa, shi ne ke karya kabon a ranar farko. Kada ka ji haushi, ni ma hannun da na tafi da shi ke nan. Wadda nake so ka saya ita ce ta tsakiya, wadda aka haɗa faiba da kabon. Mafi shahara a irinta ita ce Ugly Stik ta kamfanin Shakespeare na Amurka, wadda ta fito tun 1976. Za ka gane ta da tsininta fari mai garai-garai kamar gilashi. Samfurinta na GX2 zobbansa na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, kuma a can ƙasarsu kuɗinta bai kai dala 100 ba. Ba wai lallai sai ita ba. Okuma da Daiwa da Penn duk suna da sanduna masu sauƙi na wannan zubi, kuma akwai 'yan Sin marasa suna da na ga sun yi shekaru, in dai zobban sun ci jarrabawar auduga.

Yanzu ga inda na san jinin Kabawa zai ja ka. Kai ka tashi kana ganin ana fito da giwan ruwa daga Matan Fada, mutum biyu na ɗauke da shi, a bikin kamun kifi da ake yi tun 1934. In aka ce maka teku, zuciyarka za ta ce ai sai sanda mai kaurin taɓarya. To ka danne ta. Kifin da za ka riƙa samu daga gaɓa, ko daga ƙaramin jirgi a cikin lagun, yawancinsa daga rabin kilo ne zuwa kilo uku: kuroka, da jan sinafa, da jak mai ƙarfin tsiya, da ƙananan barakuda, da wani mai ƙaya da Yarabawa ke kira obokun, har da karfasa irin ta ruwan gauraye. Manya suna nan, akwai tafon da wanda 'yan Legas ke kira shaininos, amma ba su ne cin yau da kullum ba. Ƙatuwar sanda ba ta iya wurga ƙaramar dalma, wato nauyin da ake ɗaura wa zare don ya nitse, don sanda sai ta lanƙwasa ta miƙe sannan take harba nauyi, kamar baka da kibiya. Ka rataya wa ƙatuwa dalmar giram 20, ba za ta ko ji ta ba, sai dai kafaɗarka ta yi aikin, kafin azahar ka gaji, kuma kifi ya cinye abincin ƙugiya ba ka sani ba.

A jikin kowace sanda, sama kaɗan da mariƙi, akwai rubutu. Shi za ka karanta, ba kwali ba. Za ka ga tsawo, ko da ƙafa ko da mita. Abin da nake ba ka shawara shi ne ƙafa 7 zuwa 8, wato mita 2.1 zuwa 2.4. Wannan tsawon yana shiga kwale-kwale ba ka tsokane idon na kusa da kai ba, kuma yana wurgi mai nisa daidai gwargwado daga gaɓa. In daga baya ka ga duk fatsarka a kan manyan duwatsu take, inda sai ka nesanta zare da bakin dutse, to sanda ta biyu ta zama ƙafa 9 ko 10. Sai haruffan ƙarfi: M matsakaiciya ce, MH ta ɗara ta kaɗan, H mai nauyi. Ɗauki MH, ko M in ta ruwan gishiri ce aka yi ta. Sannan nauyin da take wurgawa: ka nemi wadda aka rubuta kamar giram 15 zuwa 50 ko kusa da haka. 'Yan Amurka da oza suke rubutawa, oza ɗaya giram 28 ce. Na ƙarshe ƙarfin zaren da ya dace da ita, inda za ka ga lb, wato laba. Laba 10 zuwa 20 shi ne naka, kusan kilo huɗu da rabi zuwa tara ke nan. Kada ka ce kilo tara ya yi kaɗan. A cikin ruwa ba ɗaga kifi ake yi ba, gajiyar da shi ake yi, kuma da zaren laba 15 mai haƙuri yana fito da kifin da ya ninka haka nauyi.

Ka dafa tsininta a ƙasa a hankali, ko mai shago ya riƙe maka, ka ga inda take lanƙwasa. Wadda kashi ɗaya cikin uku na sama ne ke lanƙwasa, gindin yana tsaye da ƙarfinsa, ita ce daidai. Wadda ke lanƙwasa har mariƙi kamar bulalar doki ba za ta iya juyo kifi daga bakin dutse ba.

Ta zama mai gaɓa biyu, wadda ake cusa rabi cikin rabi. Mai tsawon mita 2.1 in ka raba ta, kowane ɓangare ya ɗan wuce mita ɗaya, tana shiga danfo da jirgin haya. Amma ka guji mai zugewa irin eriyar rediyo, duk da ita ce za a fi tura maka, ita ce mafi araha, kuma ita ce ke cike a shagunan intanet. Kowace gaɓa tata wurin kwanan yashi da gishiri ne. Wata rana ta ƙi buɗewa, wata rana ta ƙi rufewa, ka buga ta da ƙasa ta tsage. Zobbanta kuma ba sa tsayawa a layi. Araha ba ta ado.

Inji shi ne inda kuɗinka ya kamata su fi tafiya, kuma nan ne samari ke yin kuskure: su zuba kuɗi a sanda mai suna, su ɗaura mata injin da aka ba su gyara. Farashi a Legas dala yake bi, saboda haka da kaso zan yi maka lissafi. Raba abin da ka ware gida biyar: biyu na inji, ɗaya da rabi na sanda, sauran na zare da ƙugiyoyi da dalma da filaya. Sanda mai sauƙi da inji mai kyau za su yi maka shekaru. Sanda mai tsada da injin banza, wata shida ka koma kasuwa.

Inji iri biyu ne. Akwai mai rataya a ƙarƙashin sanda, mai wata waya lanƙwasassa da ake buɗewa kafin a wurga. Wannan shi ne naka, yini ɗaya ya isa ka koye shi. Akwai mai zama a saman sanda, wanda kwarkwaronsa ke juyawa da kansa lokacin wurgi. In babban yatsanka bai ƙware ba zare ya cukurkuɗe ka yini kana warwara, abokanka na kama kifi. Kuma sandunansu ma daban ne: ta injin ƙasa zobenta na farko babba ne mai faɗi, ta injin sama zobbanta ƙanana ne kuma tana da ɗan ƙaho a mariƙi. Kada a haɗa maka gambiza.

Girman inji lamba 4000 ne ya dace da sandar da na faɗa, amma lambar ba ɗaya ba ce a kowane kamfani, 4000 na Daiwa BG ya fi 4000 na Shimano girma. Dubi jikin kwarkwaro, an rubuta yawan zaren da yake ɗauka: in zai ci mita 150 ko fiye na zare mai kaurin milimita 0.30, ya wadatar. Penn, kamfanin da aka kafa a Filadelfiya a 1932, tun asali da kayan ruwan gishiri aka san shi, kuma Pursuit shi ne samfurinsa na talaka. Daiwa BG ya fi shi ƙarfi da tsada, jikinsa alminiyam ne. Shimano Sienna ya fi su sauƙi, zai yi in kana wanke shi ba fashi. Wani abin dariya: za ka ga kwalin injin da ba a san ubansa ba an rubuta boris 12 ko 13. A matsayina na bakanike nake gaya maka, boris huɗu na ƙarfe mai kyau sun fi goma sha uku na gwangwani, don a ruwan gishiri kowane boris ƙofa ce ta tsatsa.

A shago ka juya hannun injin a hankali, kada ka ji gurnani ko wurin da yake tsayawa. Ka juya baya, ya tsaya cak ba wasa. Ka murza ɗan gare-garen da zare ke bi ta kansa a gefen wayar nan, ya juya da yatsa. Shi ne ke fara sandarewa, kuma in ya sandare zare yake murɗewa. Sai birki, wato murfin da ke saman kwarkwaro, wanda ke sakin zare in kifi ya ja da ƙarfi. Birki shi ne bambancin wannan fatsa da ta gora. Ka ɗaure shi kaɗan ka ja zare da hannu: ya fito sumul, ba fizga-fizga ba. Ƙa'idar ɗaure shi ita ce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Zaren laba 15 kusan kilo bakwai yake ɗauka, to ka ɗaura masa gorar ruwa mai lita biyu a cike, ka ɗaga injin da hannu, ka daidaita har gorar ta tashi daga ƙasa zaren na gab da fara zamewa. In kifi ya ɗauka ya ruga, injin yana kuka, kada ka taɓa murfin nan. Bar shi ya gudu.

Jabu ya yi yawa, musamman a sunayen da na ambata. Rubutun da ke gogewa da farce, da kwali mai kuskuren haruffa, da farashin da ya faɗi ƙasa warwas, duk shaida ne. Ni kam na gwanjo na asali ya fi mini sabon jabu. Kayan fatsa na hannu suna shigowa Legas cikin kwantenar tarkacen Turai, kuma ɗaya daga cikin sandunan da ke zaurena a cikin irin wannan tarkace na tsince ta, tsakanin keken yara da tukunyar gas. In ta gwanjo ce, ka bi jikinta da yatsa daga gindi zuwa tsini kana neman tsaga ko wurin da ya yi fari, ka duba bakin gaɓar da kyau, ka kuma gwada ko an taɓa yanke tsinin an mayar da zobe: tazarar zoben ƙarshe da na bayansa za ta gajarce.

Zare kuwa, fara da lilo wanda ka sani, mai kaurin 0.30 zuwa 0.35, sabo, ba wanda ya shekara a rana a bakin shago ba. Wanda aka naɗo a injin daga kamfani ka warware shi ka ba yara. Akwai kitsattsen zare, siriri mai ƙarfi da ba ya miƙewa, yana wurgi da nisa, amma yana da tsada, ƙullinsa daban, yana yanka yatsa, kuma kawa da ke manne a duwatsu tana datse shi kamar almakashi. Bar shi sai hannunka ya faɗa. A ƙarshen zarenka ka ƙulla kamar mita ɗaya na lilo mai kauri, laba 30 ko 40, shi zai sha gugar dutse da bakin kifi. In barakuda suna wurin, sai ka sa guntuwar waya kafin ƙugiya. Haƙoransu irin na tsage ne, ka san abin da tsage ke yi wa zare. Ƙugiya daga lamba 1 zuwa 3/0 ta isa, abincinta kuma jatan lande ɗanye ko yankan ƙaramin kifi. Tana ta gida ba ta daɗewa a ruwan gishiri.

Duk abin da na faɗa ba zai yi amfani ba in ba ka wanki. Ko ka gaji, ko ba ka kama komai ba, ko sandar ba ta taɓa ruwa ba. Leda biyu ta fiya wata sun isa. Ka ɗaure birki tukuna don kada ruwa ya shiga, ka zuba a hankali a kan inji da zobba ɗaya bayan ɗaya. Kada ka tsoma injin a bokiti, kada ka sa masa tiyo mai ƙarfi, tura gishirin ciki za ka yi. Tsohon burushin haƙori ya bi ƙafafun zobba. Ka goge da tsumma, ya bushe a inuwa, sannan ka sassauta birkin kafin ka ajiye. Bayan kowace fita uku ko huɗu, ɗigon man keken ɗinki a gare-garen nan da hannun injin, amma mai kada ya taɓa faifan birki. Gaɓar sanda ka raba ta kullum in ka dawo, ka ɗan goga mata kyandir. Wadda aka bari a haɗe da gishiri a ciki, sai mutum biyu sun ja, wani lokacin ma ta zama mai gaɓa ɗaya har abada.

Ruwan can yana da wata ɗabi'a da gulbinmu ba shi da ita. Mu ruwa na cika da damina ya janye da rani. Can sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a kowace rana, kuma lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kullum, don wata yake bi. Kai da ka saba lissafin kwanan wata ka huta: lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu ruwa ya fi cika ya fi gudu, dalmarka ta giram 30 sai ta koma 50. Kifi ya fi ci lokacin da ruwa ke tafiya, musamman yana shigowa. Lagun ɗin kuma gauraye ne. Da damina kogin Ogun da 'yan uwansa suna zuba masa ruwan daɗi gishirin ya ragu, da rani gishiri ya shiga ciki da nisa kifin teku ya biyo shi. Kada ka ce ai yau ruwan ba gishiri ka fasa wanki.

Tarkwa Bay sai da jirgi ake zuwa, tana bakin mashigar da manyan jiragen Apapa ke bi, a bayan dogon jerin duwatsun da Turawa suka zuba don kare mashigar. Kusa da ita akwai ma'ajiyar mai ta Atlas Cove da bututunta, kuma tun da aka tashi mazauna wurin a Janairun 2020 jami'an tsaro ba sa wasa da wannan ɓangaren. Inda abokanka suka tsaya nan za ka tsaya. Ka sa rigar ruwa a jirgi ko da kana jin kai ɗan Argungu ne. Na san ka iya iyo, amma ruwan da ke fita ta mashigar nan lokacin janyewa ba ya tambayar garin mutum, kuma duwatsun suna da gansakuka mai santsi. In hadari ya taso ka kwantar da sanda, lantarkin tsawa yana bin kabon, haka ma in za ka wuce ƙarƙashin wayar lantarki. In ka jawo wani faffaɗan kifi kamar faifai mai doguwar wutsiya, kada ka kai hannu, ƙayar dafi ce a wutsiyar; yanke zaren kusa da ƙugiya.

Batun gida kuwa, wannan sandar ta yi. Kayan ruwan gishiri suna aiki a ruwan daɗi, na ruwan daɗi ne ba sa jure gishiri. Da irinta nake kama tsage da ragon ruwa da matsakaicin giwan ruwa a nan Yauri, inda Neja ke buɗewa ta zama tafkin Kainji tun da aka gama madatsar a 1968. Sai dai ka shirya wa dariyar Sarkawa, za su tsaya da kallinsu da mamarinsu suna kallon mai kama kifi ɗai-ɗai da inji. Abokan gabanta a nan biyu ne: ƙurar hunturu da ke shiga inji ta haɗu da giris ta zama yashi, da zafin bazara. Sa injin cikin tsohuwar safa, kuma kada ka bar sanda cikin mota a rufe a watan Afrilu.

Kada ka saya daga nan, kada kuma ka saya a makon farko. Bi abokan naka sau biyu, ka ari tasu ka wurga, ka ga wurin da suka fi zuwa da dalmar da suke sawa, sannan ka ja wanda ya fi daɗewa a cikinsu ya raka ka kasuwa, da audugarka a aljihu. In za ka taho da ita hutu, sayi bututun roba na masu aikin famfo mai faɗin inci uku, ka naɗe sandar da tsohon zane ka zura, ka toshe bakin biyu. Injin kuma ya zauna cikin jakarka a kan cinya. Hanyar Jebba zuwa Mokwa zuwa Kontagora, da buhunan da yaran mota ke jibgawa a but, sun fi kowane kifi iya karya sanda. In ka iso Yauri ka tsaya, mu fita da asuba in ga hannunka.